ƊAN SANDA DA MAI IBADA: INA IYAKAR SASSAUCI?

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, ma'aikacin gwamnati, ya gabatar a babban taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai)



Da farko ina godiya ga Allah da Ya sake tara mu a wannan ɗakin taro cikin ƙoshin lafiya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya tsakanin taron bara da na bana, malamai da ɗalibai, Allah Ya jiƙan su. Ina kuma godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar ya ba ni wannan dama, alhali ga manya zaune waɗanda suka bar makarantar nan tun kafin a haife ni. Tun da ni ma'aikacin gwamnati ne, ya kamata in faɗa tun yanzu cewa abin da za ku ji ra'ayina ne na kaina, ban zo da bakin ma'aikatar da nake wa aiki ba.

Batun da na zaɓa tambaya ce guda: shin ya kamata 'yan sanda su riƙa yin sassauci saboda salla da sauran ibadu, ko kuwa doka doka ce, ba ruwanta da lokacin azahar ko safiyar Lahadi? Na zaɓe shi ne domin da wuya a samu wani taro da ya fi wannan dacewa da shi. A cikin ɗakin nan akwai 'yan sanda, akwai limamai, akwai fastoci, akwai lauyoyi da likitoci da direbobi, kuma duk kwano ɗaya muka ci a da. Tambayar tana da fuska uku, kuma yawancin gardamar da ake yi a kanta ta samo asali ne daga haɗa su wuri guda. Akwai ɗan sandan kansa a matsayinsa na mai ibada. Akwai mutumin da ke tsare a hannunsa. Akwai kuma jama'ar da ke ibada a kan hanyar da kowa ke bi.

ABIN DA DOKA TA CE

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya taɓo wannan magana a wurare huɗu da ya kamata kowane ɗan boko ya sani. Sashe na 10 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin yin addininsa, shi kaɗai ko cikin jama'a, a ɗaka ko a fili. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga. Sashe na 45 kuma ya yarda a kafa dokar da za ta taƙaita waɗannan 'yancin biyu na ƙarshe idan akwai dalili mai ma'ana, kamar tsaro, ko zaman lafiya, ko kiwon lafiyar jama'a, ko kare haƙƙin wasu mutane.

Wasu sukan riƙe sashe na 10 su ce tun da gwamnati ba ta da addini, to ɗan sanda ya rufe idonsa daga addini gaba ɗaya. Amma gwamnatin nan ce take ba da hutun Ƙaramar Salla da Babbar Salla da Mauludi da Kirsimeti da Ista, ita ce kuma ta kafa hukumar alhazai da hukumar Kiristoci masu ziyarar ibada. Ashe ke nan abin da sashen ya hana shi ne fifita wani a kan wani. Bai hana la'akari da cewa 'yan ƙasa mutane ne masu addini ba. Wasu kuma sukan riƙe sashe na 38 su manta da na 41 da na 45, kamar dai wanda ya karanta farkon wasiƙa ya naɗe sauran. Ɗan sandan da aka tura bakin masallaci ran Juma'a ko bakin coci ran Lahadi yana tsaye ne tsakanin waɗannan sassa, kuma duk wanda ya saki daga cikinsu sai an zage shi.

ƊAN SANDA SHI MA MAI IBADA NE

Mu fara da fuska mafi sauƙi. Kurtu ko kofur ko saje, kafin ya sa kaki yana da addininsa, kuma kakin bai cire masa shi ba. Idan yana bakin aiki lokacin salla ya yi, me ya kamata?

Ni a ganina addinin kansa ya riga ya warware mana rabin matsalar. Duk wanda ya karanta Ahalari a zaure ya san kowace salla tana da lokacin zaɓi da lokacin lalura, kuma lokacin zaɓin azahar kansa yana da faɗi, tun daga gushewar rana har inuwar abu ta kai tsawonsa. Salla ɗaya kuwa, da alwalarta, ba ta cin fiye da minti goma. Ko a fagen fama shari'a ta tsara yadda runduna za ta kasu biyu, wasu su yi salla wasu su tsaya gadi, sannan su canza. To idan an yi wannan tanadi a gaban abokan gaba, ina ga shingen bincike mai mutum shida? Abin da ake bukata kawai shi ne shugaba mai hankali da zai tsara karɓa-karɓa: Musulmi su riƙe aiki ran Lahadi da safe, Kiristoci su riƙe ran Juma'a da rana. A ofishinmu haka muke yi ba tare da wata takarda ba, kuma ban taɓa ganin fayil ya kwana saboda haka ba.

Amma sassaucin yana da iyaka, kuma addinin ne ya sa ta. Malamai sun karantar da mu cewa idan mai salla ya ga makaho zai faɗa rijiya, wajibi ne ya yanke sallar ya cece shi. Saboda haka ɗan sandan da ya bar wurin gadinsa babu kowa, ko ya ƙi amsa kiran gaggawa, sannan ya fake da salla, ya saɓa wa aikinsa ya kuma saɓa wa addininsa.

Maganar sutura ma ta shigo nan. A watan Maris na 2022 Sufeto Janar na lokacin, Usman Alkali Baba, ya amince wa 'yan sanda mata su sa ɗankwali a ƙarƙashin hular aiki, ga wadda ta ga dama. An yi surutu, wasu suka ce an shigo da addini cikin kaki. Amma mu ba mu muka fara ba. Tun 1990 Kanada ta yarda mabiya addinin Sikh su naɗa rawaninsu a cikin rundunar 'yan sandanta ta ƙasa, 'yan sandan Landan kuma suka amince da hijabi a 2001. A watan Yuni na 2022 Kotun Ƙolin Nijeriya ma ta tabbatar wa ɗalibai mata na makarantun gwamnatin Jihar Legas 'yancin sa hijabi. Ribar a bayyane take. Muna kuka kullum cewa babu isassun 'yan sanda mata da za su caje mata ko su saurari yarinyar da aka ci zarafinta, sannan mu ne iyaye da yayye da ke hana 'ya'yanmu da ƙannenmu shiga aikin saboda sutura. Ɗan ƙyalle guda ya kawar da wannan hanzari.

WANDA KE BAYAN KANTA

Fuska ta biyu ita ce wadda ba a cika magana a kanta ba, domin mai ita ba ya da baki. Shi ne mutumin da aka kama aka sa bayan kanta.

Doka ta ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar da laifinsa. Ta kuma ce a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Ku da ni mun san sau da yawa akan wuce haka, musamman ga wanda aka kama ran Juma'a da yamma. Ko da kwana ɗayan ne ma, salla biyar ke nan. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, sun nemi a bar wanda ke tsare ya biya bukatun addininsa gwargwadon iko. Idan wanda kotu ta ɗaure yana da wannan haƙƙi, wanda ba a ko gurfanar da shi ba ya fi cancanta.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Shekarun baya an yi kamen kan mai uwa da wabi a wata unguwa, aka haɗa da wani ƙanena ɗan acaɓa. Sai washegari da hantsi na samu ganinsa. Na zo da shayi da burodi, ina tsammanin yunwa zai fara yi mini kuka. Abin da ya fara ce mini shi ne, Yaya, ana bi na salla huɗu. Ɗakin da aka zuba su ba wurin da mutum zai sa goshi, ga bokitin bahaya a kusurwa, wanda ke kan kanta daren jiya kuwa da suka roƙi ruwan alwala cewa ya yi nan ba masallaci ba ne. Da aka canza aiki sai aka samu wani saje, Kirista ne, dattijo, daga kudancin ƙasar nan. Ina tsaye ya sa aka cika wata robar lemo da ruwa, ya riƙa fito da su bibbiyu zuwa baranda, ya shimfiɗa musu kwali, ya tsaya a kansu da bindigarsa har suka idar. Ba wanda ya gudu, kuma gwamnati ba ta kashe ko kwabo ba. An sallami yaron ba tare da tuhuma ba, amma har yau idan ana zagin 'yan sanda a majalisarsu shi ne mai cewa a dai ware wasu.

Mutanen nan biyu doka ɗaya suke aiki da ita, kaki ɗaya suka sa. Abin da ya dame ni shi ne a ce haƙƙin mutum ya dogara ga sa'ar wanda ya tarar a kan kanta. Kamata ya yi abin ya zama rubutaccen umurni a kowane caji ofis: ruwan alwala, wuri mai tsabta, a nuna alƙibla, a karɓi abincin sahur da na buɗa baki daga dangi ko da ya saɓa da lokacin ziyara, a bar Kirista da Littafinsa Mai Tsarki, mace kuma mace 'yar'uwarta ta caje ta a keɓe. Inda akwai tsoron mutum zai cutar da kansa da carbi ko mayafi, a karɓe, a rubuta dalili, a ba shi lokacin ibada. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ɗora wa majistare ziyarar ofisoshin 'yan sanda aƙalla sau ɗaya a wata. Alƙalanmu da ke cikin wannan ɗaki, idan kun je, ku ƙara wannan a cikin tambayoyinku.

Kada a ɗauka ƙaramin abu ne. A birnin Niyok na Amurka wasu mata biyu Musulmi sun kai ƙara a 2018 saboda an tilasta musu cire hijabi domin ɗaukar hoton waɗanda aka kama. 'Yan sandan birnin suka canza tsarinsu a 2020, kuma a 2024 hukumar birnin ta amince ta biya diyyar dala miliyan 17.5. Da tun farko an yi abin da sajen nan ya yi da kwali da robar lemo, da ba a kai nan ba.

IBADA A KAN TITI

Yanzu mun zo inda gizo ke saƙa. Ran Juma'a daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu da rabi, manyan tituna a Kano da Kaduna da Zariya da Abuja da sauran garuruwa sukan rufe. Ran Lahadi wasu layuka sukan rufe saboda coci. Wanda ya taɓa bin hanyar Legas zuwa Ibadan a daren da manyan sansanonin ibada da ke gefenta ke taro ya san yadda tafiyar awa biyu ke komawa ta kwana. Ga tattakin Mauludi, ga na Ista, ga Idi, ga jana'iza. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Musulmi yana ganin shingen coci ya manta da tabarmarsa da ke kan kwalta, Kirista yana ganin tabarma ya manta da nasa shingen.

Akwai dalilai na gaskiya da suka sa ake rufe hanya. Na farko shi ne yawan jama'a, domin masallacin da aka gina wa mutum dubu yanzu dubu biyar ke zuwa. Malaman mazhabar Malikiyya sun inganta sallar Juma'a a harabar masallaci da hanyoyin da ke haɗe da shi idan ya cika. Na biyu shi ne tsaro. Ran Kirsimeti na 2011 an tayar da bam a cocin Katolika da ke Madalla a Jihar Neja. Ran 28 ga Nuwamba, 2014, an kai hari babban masallacin Juma'a na Kano ana shirin tayar da salla, aka kashe mutum fiye da 100. Tun daga wannan zamani su 'yan sandan da kansu suke sa shinge domin mota kada ta kusanci masu ibada, kuma ba mai hankalin da zai ga laifinsu.

Amma hanya ma tana da haƙƙinta. Littafin Risala da muka karanta ya lissafa tsakiyar hanya cikin wuraren da aka hana salla a kansu, kuma tun muna yara aka koya mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Watau halaccin da aka bayar na lalura ne, lalura kuwa gwargwadonta ake ɗauka. A bayan shingen nan akwai mai naƙuda a cikin A-Daidaita-Sahu, akwai motar kwana-kwana, akwai likitan da ake jira a ɗakin tiyata, akwai matafiyin da ya taso daga Maiduguri zai je Sakkwato. Da yawansu ma Musulmi ne. Wanda ba Musulmi ba kuwa, idan ya yi awa guda cikin rana saboda mutanen da suka rufe titi tun kafin liman ya fito daga gida, ko suka tsaya cinikin turare da agogo bayan sallama, wane irin tunani zai tafi da shi game da addinin?

Mun ga abin da ke faruwa idan aka rasa mai sasantawa. A watan Disamba na 2015, a Zariya, rikicin da ya tashi daga tare hanya tsakanin mabiya Harkar Musulunci da ayarin shugaban rundunar sojan ƙasa ya ƙare da asarar rayuka masu yawa. Gwamnatin Jihar Kaduna da kanta ta shaida wa hukumar bincike cewa gawa 347 aka binne a kabari guda. Hukumar ta zargi soja da amfani da ƙarfi fiye da kima, ta kuma zargi ƙungiyar da ɗabi'ar rufe hanyoyi da ƙin bin doka. Wannan aikin soja ne, amma darasin na 'yan sanda ne, domin tsaron hanya aikinsu ne, kuma shekarun da aka yi ana kawar da kai su suka tara abin da ya fashe. A ƙarshen watan Maris na 2020 kuma, lokacin annobar korona, gwamnatin Jihar Katsina ta dakatar da sallar Juma'a. Wasu suka yi a garin Kusada, aka kama wanda ya ja sallar, washegari matasa suka ƙona ofishin 'yan sanda. Dokar tana da madogara, tun da a wannan wata har umra Saudiyya ta dakatar. Amma dokar da ta shafi ibada, idan ba ta biyo ta bakin malamai da masu unguwanni ba, ɗan sandan da ke ƙasa shi ke kwana a ciki.

A nan tarihi yana da abin faɗa. A zamanin En'e dogari da ɗan doka 'yan gari ne, sun san liman, sun san ladan, sun san wanda za a yi wa magana jama'a su tashi. Suna da nasu zaluncin, kuma kakanninmu 'yan NEPU sun ɗanɗana, shi ya sa ba kowa ya yi kuka ba da gwamnatin Janar Gowon ta narkar da su cikin 'yan sandan tarayya. Sai dai tun daga nan ɗan sanda yakan zama baƙo a inda yake aiki. Yaron da aka turo daga Kalaba bai san dalilin da mutum zai ƙi amsa masa magana yana tsaye ya fuskanci gabas ba, sai ya ɗauka raini ne. Namu da aka tura Anaca shi ma bai san ranar da 'yan Katolika ke fita tattaki ba. Yawancin abin da muke kira ƙiyayya rashin sani ne, maganinsa kuwa darasi ne a kwalejin horar da kurata da kuma zama da shugabannin addini a duk sabon wurin aiki.

To mene ne mafita? Faransa ta hana sallar titi a birnin Faris a watan Satumba na 2011, amma kafin ta hana sai da aka ba masallatan wani tsohon bariki su riƙa salla a ciki. Ban ce mu kwaikwayi Faransa a sha'anin addini ba, amma a wannan gaɓa an gane cewa hani ba tare da madadi ba neman faɗa ne. A wurinmu doka ma ta fi sauƙi. Tun 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa taron lumana ba ya bukatar izinin 'yan sanda, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 kuma ta ɗora musu ba da tsaro ga taro ko tattakin da aka sanar da su. Ashe aikinsu shi ne su tsara. Shawarata ita ce baturen 'yan sanda na kowane yanki ya zauna da kwamitin kowane masallacin Juma'a da kowace babbar coci a yi yarjejeniya a rubuce. A sa lokacin rufewa da na buɗewa, misali daga hawan liman mumbari zuwa sallama. A titi mai hannu biyu a bar hannu ɗaya. A nuna hanyar ratse, 'yan agaji su tsaya a kanta. Hanyar asibiti da ta 'yan kwana-kwana kada a rufe su ko da wane dalili. Hukumomin tsara birane kuma su daina ba da izinin gina wurin ibada a bakin babban titi ba tare da fili da wurin ajiye motoci ba, domin a teburinsu ake haifar matsalar da ake barin kofur da ita shekara goma baya.

MASU CEWA A'A

Akwai masu ganin cewa duk wannan buɗe ƙofa ne. Suna cewa idan aka yi wa Musulmi dole a yi wa Kirista, idan aka yi wa Kirista dole a yi wa mai addinin gargajiya, to ina za a tsaya? Tambaya ce mai kyau, kuma amsar farkonta ita ce e, dole a yi wa kowa, da mudu ɗaya. Inda za a tsaya kuwa shi ne inda ibadar wani ta koma tilasta wa wani. A wasu garuruwan Yarabawa akan hana mata da baƙi fita lokacin bikin Oro. Ɗan sanda zai iya tsare masu bikin su yi abinsu, amma ba zai taya su kulle matar da za ta asibiti ba. Wannan ma'auni shi za mu yarda a auna mu da shi idan abin ya zo kanmu, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Ga masu shakkar ko hakan zai yiwu, shaidata tana zaune a sahun gaba. Iyayenmu malamai, ku ne kuka gudanar da makarantar nan da yara ɗaruruwa masu addini daban-daban. Da azumi kuku yakan tashi tsakar dare ya dafa sahur, amma tukunyar rana ba ta sauka ba domin waɗanda ba sa azumi. Ran Juma'a akan tashi da wuri, ran Lahadi da safe ba a kiran kowa aikin share fili. Duk da haka wanda ya fake da masallaci ko coci ya tsallake katanga ya tafi gari, firifet ya rubuta sunansa, ran Litinin ya sha bulala a gaban asambuli, kuma ba wanda ya ce an taɓa addininsa. Kun ba mu sarari, kun kuma riƙe doka, ɗayan bai ci ɗayan ba. Abin da nake roƙa wa ƙasa ke nan.

ABIN DA ZA MU IYA YI

Ba na so in sauka ba tare da na ɗora wa ƙungiya wani aiki ba. Da farko, reshenmu na kowane gari ya ziyarci caji ofis mafi kusa da shi da butoci da tabarmi da ɗan abin tsabtace ɗaki. Kuɗin bai kai na lemon da za mu sha yau ba. Na biyu, 'yan'uwanmu da ke cikin kwamitocin masallatai da coci-coci su kai wannan magana ta lokacin rufe hanya gaban kwamitocinsu, kada su jira sai hukuma ta zo da barkonon tsohuwa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na uku, manyan jami'an 'yan sanda da ke cikinmu, ranku ya daɗe, umurni guda mai layi biyar daga teburinku zai kai inda jawabi ɗari irin nawa ba zai kai ba. Na huɗu, lauyoyinmu su rubuta mana ɗan littafi da Hausa mai bayyana haƙƙin wanda aka kama, a raba a tashoshin mota da kasuwanni, ƙungiya ta ɗauki nauyin bugawa. Ina roƙon sakatare ya sa waɗannan cikin abubuwan da za a tattauna a zaman yamma.

Amsata ga tambayar da na fara da ita dai ita ce e, ya kamata 'yan sanda su yi sassauci saboda ibada, ga jami'insu, ga wanda ke hannunsu, ga jama'a kuma, matuƙar sassaucin rubutacce ne, na kowa da kowa ne, kuma bai taka haƙƙin mai wucewa ba. Mu masu ibada kuma mu tuna cewa wanda ya tsaya cikin rana da bindiga domin mu yi sujada lafiya, sau da yawa shi bai samu yin tasa ba. Idan mun fito, mu ce masa sannu da aiki.

Ina neman afuwar shugaban taro idan na ɗan zarce lokacin da aka ba ni. Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya ɗaukaka makarantarmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.